Yadda Ake Shiga Mashayar Garin Kasuwa a Ingila, da Yadda Ake Gane Giyar Ganga Mai Kyau

Duk Bahaushen da karatu ko aikin asibiti ya kai shi Ingila, ba zai daɗe ba abokan aiki za su ce masa a haɗu a fob ranar Asabar. Fob ita ce mashayar Turawan Ingila, amma a ƙananan garuruwa aikinta ya wuce sayar da giya. Nan ake cin abincin rana, nan manoma ke ƙulla ciniki, nan ake zaman walima bayan jana'iza. Ga Musulmi hukuncin giya a bayyane yake, kuma akwai waɗanda ko ƙofar wurin ba za su taka ba. Akwai kuma masu shiga su ci abinci su sha lemo, ga kuma masu jin Hausa da yawa daga Filato, kudancin Kaduna da arewacin Ghana da suka tashi suka ga ana dafa burukutu da fito a unguwarsu. Wannan bayani zai amfani masu sha da marasa sha, domin tsarin shiga da oda da biyan kuɗi duk ɗaya ne.

Abin da ake nufi da giyar ganga

Wanda ya san burukutu ya riga ya san rabin zancen. Burukutu abu ne mai rai: ana sayar da shi yana kan tsima, yau da daɗi, jibi ya yi tsami. Giyar da Ingilishi ke kira riyal el, wato giya ta ainihi, haka take, sai dai da tsiron sha'ir ake yin ta maimakon dawa, a zuba mata furen wani tsiro mai yaɗo da ake kira hof don ɗaci da ƙamshi. Ba a tace ta, ba a dafa ta a kashe yis ɗin cikinta, kuma ba a cusa mata iskar gas. Ana ɗura ta a ganga da sauran yis mai rai da ɗan sauran zaƙi, ta bar masana'anta ba ta gama nuna ba. A ɗakin ƙasa na mashaya take ƙarasa tsima.

Sauran giyar da ke fitowa daga famfuna masu ƙyalli da sanyin ƙanƙara daban ce. Ita an gama ta tun a kamfani, an rufe ta a tukunyar ƙarfe, gas ke turo ta, kuma ko wane ne ya zuba maka ɗanɗanonta ɗaya. A shekarun 1960 manyan kamfanoni sun kusa shafe giyar ganga da irin wannan. Shi ya sa a 1971 wasu mutum huɗu suka kafa ƙungiyar CAMRA don kare ta, kuma su suka raɗa mata sunan riyal el.

To abin da ya kamata ka riƙe shi ne: tunda giyar ba ta gama nuna ba lokacin da ta iso, kyanta yana hannun mai gidan da ya karɓe ta, da kuma saurin da take ƙarewa. Giya ɗaya daga kamfani ɗaya, a gidan nan ta yi daɗi, a gidan da ke kallonsa ta zama ruwan tsami. Duk matakan da ke ƙasa daga nan suka samo tushe.

Mataki na farko: zaɓen gari da rana

Garin kasuwa shi ne wanda tun zamanin da sarki ya ba shi takardar izinin cin kasuwa a wata rana ta mako, mutanen karkara su shigo da kaya su koma da yamma. Bari mu ɗauki Masham, wanda mutanen wurin ke furtawa Masam, a arewacin Yorkshire, gefen kogin Ure. Kasuwarsa tana ci tun ƙarni na 13, yanzu ranar Laraba da Asabar, a wani makeken fili da ke tsakiyar gari. A da babbar kasuwar tumaki ce, kuma har yau ana bikin tumaki a watan Satumba.

Ƙaramin gari ne, amma yana da kamfanonin giya biyu. Theakston an kafa shi a 1827. Bayan kamfanin ya faɗa hannun manyan 'yan kasuwa a shekarun 1980, wani ɗan gidan, Paul Theakston, ya fita ya kafa nasa a 1992 a gari ɗaya, ya sa masa suna Black Sheep, wato baƙar tunkiya, abin da mu za mu ce zakkar gida. Daga baya 'yan gidan Theakston sun sake sayen kamfanin kakanninsu. Amfanin irin wannan gari shi ne ganga ba ta yin doguwar tafiya kafin ta isa mashaya, kuma mai gidan da ya lalata giyar zai haɗu da wanda ya dafa ta a kan titi. Akwai irinsa a wasu sassan: Lewes da kamfanin Harvey's, Devizes da Wadworth, Bridport da Palmers, Faversham da Shepherd Neame, Bury St Edmunds da Greene King.

Ka je ranar kasuwa, ko daga Alhamis zuwa Lahadi. Litinin da Talata su ne mafi munin ranaku: sauran gangar ƙarshen mako ce ke kan famfo, wasu gidajen ma a rufe suke. Kafin 1988 doka ta tilasta wa mashayu rufewa da tsakar rana zuwa yamma, amma ana ɗaga wa na garuruwan kasuwa ƙafa ranar da kasuwa ke ci, kuma har yau ranar ce suka fi cika.

Ka shirya komawarka tun kafin ka taho. Jirgin ƙasa ba ya zuwa Masham. Daga Leeds ana shiga bas mai lamba 36 ta Harrogate zuwa Ripon, daga nan a sake wata. Motocin karkara kaɗan ne kuma suna daina aiki da wuri, tasi kuwa sai an kira ta tun da rana. Ka duba lokacin motar ƙarshe, ko ka kama ɗaki.

Mataki na biyu: zaɓen gida

A bakin filin kasuwar Masham akwai King's Head, can gefen gari akwai White Bear, sannan kowane kamfani yana da wurin shan kansa a harabarsa. A kowane gari kake, ga abin dubawa.

Idan an rubuta Free House a bango, ba wai kyauta ake sha ba. Ma'anarsa mai gidan yana da 'yancin sayen giya daga kowane kamfani. Gidan da babu wannan rubutu galibi mallakar wani kamfani ne, nasa kawai zai sayar. Ba aibi ba ne, sau da yawa irin wannan gida ya fi iya kula da giyarsa don ita kaɗai ya sani. Alamar Cask Marque a ƙofa tana nuna masu bincike suna zuwa ba sanarwa su gwada sanyin giyar da haskenta da ƙamshinta.

Amma gwajin da ya fi kowanne shi ne lissafi. Gangar da aka fi amfani da ita, fakin, tana cin galan 9, wato fayint 72 (fayint shi ne babban kofin da ake auna giya da shi), kusan lita 41. Da zarar an buɗe ta, kwana uku take da shi. Ke nan kowane famfo sai ya sayar da fayint 24 a rana. Gidan da ya jera famfo takwas yana bukatar fayint kusan 190 kullum kafin duka su zauna lafiya. Idan ka leƙa ka ga famfo takwas da mutum biyar da kare ɗaya, wasu gangunan sun kwana biyar. Gida mai famfo uku da tsofaffin gari cike a kanta ya fi shi nesa ba kusa ba.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙafarka

Ba za a kai ka ɗakin ƙasa ba sai da sanayya, amma sanin aikinsa shi zai sa ka gane abin da ke cikin kofinka.

Ɗakin yana zama a kan digiri 11 zuwa 13. Idan ya wuce haka yis ya haukace, giyar ta yi saurin lalacewa. Idan ya yi ƙasa tsimar ta tsaya, giyar ta yi hazo, ƙamshinta ya ɓuya. Masu cewa Ingilishi giya mai ɗumi suke sha, wadda aka ajiye ba daidai ba suka sha. Ta ƙwarai sanyin ruwan randa gare ta.

Ganga tana da ƙofa biyu: ɗaya a tsakiyar cikinta, ɗaya a bakin fuskarta ta gaba. Idan ta iso, sai a kwantar da ita a kan gadon katako ko na ƙarfe, ƙofar cikin tana kallon sama, a sa mata waigi kada ta motsa. A bar ta ta huce daga jijjigar mota. Daga nan a huda toshiyar sama, a cusa wani ɗan fegi mai laushi wanda iska ke ratsa shi, don gas ɗin da ya yi yawa ya fita. Idan kumfar da ke tsattsafowa ta lafa, a cire shi a sa fegi mai tauri wanda zai riƙe sauran gas ɗin a ciki. Wannan ɗan gas da yis ya samar da kansa shi ne ke ba giyar ɗan tsikari a harshe. Aka bar fegi mai laushi ya daɗe, ta zama lami. Aka gaggauta sa mai tauri, ta fito kumfa zalla.

Sannan a buga famfon fitarwa a ƙofar gaba da gudumar katako, bugu ɗaya mai ƙarfi. Giyar tana bukatar kwana ɗaya zuwa biyu, wasu fiye, kafin yis ya kwanta a cikin gangar ta yi garau. Abin da ke jan yis ɗin ƙasa wani ruwan danƙo ne da ake yi daga jakar iska ta cikin kifi. Shi ya sa waɗanda ba sa cin duk abin da ya fito daga dabba sukan tambaya kafin su saya.

Da an fara sayarwa, duk kofin da ya fita iska ce ke maye gurbinsa a cikin gangar, kuma iskar tana shiga da ƙwayoyin da ke mai da barasa ruwan khal. Dalilin kwana ukun ke nan. Mai gida nagari yakan mayar da fegi mai tauri kowane dare, ya ɗaga bayan gangar a hankali idan ta fara yin ƙasa, ya wanke tiyon da ke haurowa kanta duk bayan kwana bakwai, ya kuma zubar da giyar da ta kwana a cikin tiyo kafin ya sallami mutum na farko.

Mataki na uku: a gaban kanta

Ba wanda zai zo teburinka. Ka zauna kana jira, sai dare ya yi. Kai za ka je kanta, ka yi oda, ka biya nan take da kati ko tsabar kuɗi, ka ɗauko da kanka. Babu layi a zahiri, amma kowa ya san wanda ya riga shi, mai sayarwa ma ya sani. Kada ka tafa, kada ka yi tsaki ko fito, kada ka ɗaga kuɗi kana kaɗawa. Haɗa ido da shi ya isa. Idan ya zo gare ka alhali wani ya riga ka, ka nuna masa mutumin.

Famfunan giyar ganga su ne masu dogon mariƙi kamar taɓarya ƙarama, da hannu ake ja. Kowanne da ɗan allo mai sunan giyar da ƙarfinta. Wanda aka juya allonsa baya, gangarsa ta ƙare.

Ga manyan ire-iren. Bita ita ce ta yau da kullum, launin jan ƙarfe, ƙarfinta kashi 3.5 zuwa 4.5 cikin ɗari. Ta Theakston da ta Black Sheep duka 3.8 ne. Mayil baƙa-baƙa ce, ɗacinta kaɗan. Akwai mai ruwan zinare da ƙamshin lemo. Fota da sitawut baƙaƙe ne, suna ƙamshin gasasshen hatsi. Old Peculier ta Theakston baƙa ce mai kauri da zaƙin busassun 'ya'yan itace, ƙarfinta 5.6, kuma sunanta ya fito ne daga wata tsohuwar kotun coci ta Masham da ke cin gashin kanta.

Ka nemi ɗanɗano. Kamar yadda mai tsire ke yanko maka ɗan guntu, haka za a zuba maka kurɓi ɗaya a ƙaramin kofi, kyauta. Ɗaya ko biyu ya isa, ba duk jerin ba, musamman idan akwai mutane a bayanka. Wata dabarar ita ce ka tambayi wadda ta fi tafiya yau, ko ka dubi abin da 'yan gari ke sha.

Awo a ƙayyade yake a doka: fayint mililita 568, haf 284, akwai kuma sulusi da sulusi biyu. Idan ka ce bita kawai, fayint za a ba ka. Mai son gwada iri da yawa ya riƙa karɓar haf, ya fara da mara ƙarfi mai haske, ya ƙare da baƙa, domin baƙar tana rufe harshe. Kuɗin fayint a arewacin Ingila ya kan kama fam 4 zuwa 6, a Landan ya fi haka.

A Yorkshire ana ɗaura wani ɗan murfi mai ƙananan huda a bakin famfo, a nutsa shi har ƙasan kofi, giyar ta fito fari fat kamar nono, sannan ta washe daga ƙasa zuwa sama ta bar kumfa mai kauri. Ka ba ta minti ɗaya ko biyu. A kudu ba a sa murfin, kumfar kaɗan ce, kuma kowane ɓangare yana ganin ɗayan bai iya ba. Idan ta lafa ka ga kumfa ta wuce faɗin yatsa, ka ce a cika maka. Haƙƙinka ne, ba rowa ba ce, amma kafin ka kurɓa.

Mataki na huɗu: gane lafiyayya da mara lafiya

Ɗaga kofin ga haske. Bita ta gargajiya garau take, kana hango yatsunka ta baya. Wasu giyoyin zamani da gangan ake barin su da hazo, kuma akan rubuta a allo. Sannan ka shinshina kafin ka kurɓa.

Warin khal ko tsami mai kartar maƙogwaro: gangar ta wuce kwanakinta, ko tiyo ya yi datti. Ƙamshin man shanu ko alewar madara mai nauyi, da santsi a baki: ko an buɗe ta ba ta gama nuna ba, ko ƙwayoyin cuta sun zauna a tiyo. Ƙamshin ɗanyen tuffa: ɗanya ce, an yi gaggawa. Warin jiƙaƙƙen kwali: iska ta daɗe a kanta. Laka-laka da gutsattsari suna yawo: an kai gindin ganga, ko an bangaje ta. Lami, ba tsikari ko kaɗan: fegi mai laushi ya kwana. Ɗumi: na'urar sanyaya ɗaki ta samu matsala, ko kai ne na farko kuma ba a zubar da ta cikin tiyo ba. Ɗan warin ƙwai kaɗan a wasu giyoyin garin Burton daga ruwan yankin ne, ba lalacewa ba ce, kuma yana gushewa.

Idan ka ji ɗaya daga cikin waɗannan, ka mayar tun a kurɓi na farko ko na biyu. Ka faɗa a hankali, ba sai kowa ya ji ba, cewa kana jin gangar ta zo ƙarshe. Gidan kirki zai ɗanɗana, ya canza maka, ya juya allon. Amma ka bambanta lalatacciya da wadda ba ta yi maka ba. Ɗaci ba laifi ba ne, kuma wanda ya shanye rabi ya dawo da rabi ba za a saurare shi ba.

Zagaye, abinci, da wanda ba ya sha

Idan kun je a ƙungiya, mutum ɗaya ke saya wa kowa, sai na gaba ya karɓa, har ya zagayo, kamar adashe. Ba wanda zai tuna maka, amma kowa yana lura da wanda ya sha na mutane ya sulale. Idan lemo kake sha ko ba za ka daɗe ba, ka faɗa tun farko cewa za ka sayi naka. Ba a ganin laifin haka. Ba a ba da tukuici a kanta. Mai son kyautatawa yakan ce wa mai sayarwa ya ƙara ɗaya don kansa.

Wanda ba ya sha ya kula da sunaye, don suna yaudara. Sayda a Birtaniya barasar tuffa ce, ba ruwan tuffa ba. Shandi rabi giya ne rabi lemo. Jinja biya yawanci lemon citta ne kawai, amma akwai mai barasa irin Crabbie's, sai a duba kwalba. Ɗigon Angostura da ake sa wa wasu lemuka barasa ne mai ƙarfi. Giyar da ake cewa mara barasa kuma hawa-hawa ce: akwai 0.0, akwai 0.5, wadda aka ce mai ƙarancin barasa tana kaiwa 1.2. Abin da ba shi da shakka shi ne lemon tsami da soda, ruwan lemo, shayi ko kofi. Ruwan famfo kyauta ne, doka ta wajabta wa duk mai sayar da barasa ya bayar.

Abinci ma haka. Gamon, da naman da ke cikin sosej da ƙwan da ake naɗewa da nama, da soyayyar fatar da ake sayarwa a leda a kanta, duk alade ne. Bilak fudin jini ne. Fanken naman sa na gidajen nan da giya ake dafa romonsa, kuma kwaɓin da ake soya kifi da shi sau da yawa da giya aka dama. Ka tambaya, sun saba. Kicin yakan buɗe daga 12 zuwa wajen 2 da rabi, ya sake buɗewa da 6 zuwa 9. Ranar Lahadi gasasshen nama ake yi, kuma sai an kama tebur tun kafin ranar. A garin makiyaya irin Masham karnuka suna kwance ƙarƙashin tebura. Mai gudun su ya zauna a ɓangaren cin abinci, inda galibi ba a shiga da su.

Doka da lissafin jiki

Shekara 18 ce ƙa'idar saye. Wanda fuskarsa ta nuna bai kai 25 ba za a nemi fasfo ko lasin tuƙi, hoton da ke cikin waya ba ya wadatarwa. An hana shan taba a ciki tun 1 ga Yulin 2007.

Ana auna barasa da yunit, kowane ɗaya mililita 10 na tsantsarta. Fayint ɗin bita mai 3.8 ya ɗan haura yunit 2, na Old Peculier ya haura 3. Jiki yana narkar da kusan yunit ɗaya a awa, kuma shan gahawa ko wanka ba sa ƙara masa sauri. Fayint biyu na baƙar ke nan sun fi awa shida. Shawarar hukumomin lafiyar Birtaniya ita ce kada a wuce yunit 14 a mako. Giyar ganga tana da yaudara, don ba ta cika ciki da gas kuma ba ta da sanyin da zai rage maka sauri. Iyakar tuƙi a Ingila miligiram 80 ne na barasa a cikin mililita 100 na jini, a Sikotlan 50. Wanda aka kama za a ƙwace lasinsa aƙalla shekara guda, kuma ga baƙo mai biza hukuncin yana iya shafar takardun zamansa.

Wajen ƙarfe 11 saura minti goma za ka ji an kaɗa ƙararrawa: odar ƙarshe ke nan. Ta biyu tana nufin an rufe kanta, sai a ba ku 'yan mintuna ku ƙarasa. A ƙananan garuruwa idan ba mutane akan rufe tun kafin lokacin. Idan za ka fita ka mayar da kofunanka kan kanta, ka yi wa mai gida godiya.